Ranar Da Lauwali Ya Dawo Fili

Ku da za ku karɓi ƙungiyar nan daga hannuna, na ji abin da kuke faɗa a teburin mai shayi. Wai aikin koci usur ne da tsawa, sai tsayuwa a bakin layi da hannu cikin aljihu kamar waɗanda kuke gani a gidan kallo. Ban ga laifinku ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da Malam Shehu, malamin wasanni na firamarenmu a nan Gummi, ya ce in riƙa zuwa ina kama masa aiki. Na zo da wankakken wando ina jiran a rataya mini usur. Sai ya miƙo mini tsintsiya da bokitin toka.

Sharar fili ce aikina na farko, kuma na daɗe a kanta. Bayan damina filin nan gonar ƙaya yake zama, tsidau da ƙarangiya, ga sawun shanu ya bushe ya yi tauri kamar bulo. Yaran wancan lokacin ba mai but, ƙafa ce tsirara. In ka bar ƙaya ɗaya, kai za ka durƙusa da allura kana tonon tafin ƙafar ɗan mutane. Sai ka share, ka cike ramuka da jar ƙasa, ka daɓe, sannan ka ja igiya daga turke zuwa turke ka bi ta da toka. Tokar kara ba ta zama, iska ɗaya ta kwashe ta. Ta gidan burodi ake nema, a yayyafa mata ruwa. Malam Shehu yakan tsaya a kusurwa ya rufe ido ɗaya. In layi ya karkace, ƙafa yake sawa ya goge, ka sake.

Ƙwallo kuma ɗaya ce tal gare mu, ta fata. In ta fashe ba a jefarwa. Za ka farke ɗinki, ka zaro robar ciki, ka hura ka tsoma a ruwa har ka ga inda take kumfa, ka liƙe da faci irin na masu gyaran keke, ka mayar, ka ɗinke da basilla da zaren da aka goga wa kakin zuma. Ɗinkin ƙarshe shi ke nuna gwani, don daga waje ake yinsa, kuma in basilla ta zame ta soki robar, aiki ya koma farko. Sai da na iya wannan, na iya ɗaure targaɗe, na iya gane yaron da ke ɓoye ciwo don kada a ajiye shi, sannan Malam Shehu ya bar ni na hura usur.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne mutane. Yaro ba naka ba ne, aronsa aka ba ka. Na sha cire riga in kama fartanya a gonar uban ɗan wasa don a gama noma da wuri ya sakar mini ɗansa. Na sha zama a zauren malami ina ba da tabbacin cewa za a tashi wasa kafin kiran magariba. Wata uwa ta taɓa tare ni a kasuwa da ɗanta mai karyayyen haƙori, ta ce in mayar masa da shi yadda na karɓe shi. Daga baya, da Malam Shehu ya rasu ƙungiya ta dawo hannuna, sai na samu ubangida: Alhaji Manu, dillalin hatsi, wanda ya saya mana riguna da but da raga. Daga ranar na san cewa mai riga shi ne mai ƙungiya, koci ɗan aiki ne.

A wani wasan sada zumunci a Adabka na fara ganin Lauwali. Mun je bisa babura, hanya duk kwazazzabai, mun isa jiki na ciwo. 'Yan garin ba su cika ba, sai suka kira wani siririn saurayi da ya koro awaki daga kiwo suka ba shi riga. Kafin hutun rabin lokaci ya zura mana biyu, ɗaya da dama, ɗaya da hagu. Ba gudunsa ne ya ba ni mamaki ba, masu gudu suna da yawa. Yadda yake tsayar da ƙwallo ne. Ta taho da ƙarfi, ta taɓa ƙafarsa, ta kwanta kamar an kira ta. Na nemi mahaifinsa, na yi ta zirga-zirga har ya yarda, bayan an kai amfanin gona gida. Lauwali ya zauna a zaurena. 'Yan kallo suka sa masa suna Kibiya.

Aikin da ya fi cin lokacina a kansa ba na ƙafa ba ne. Zuciyarsa a kusa take. In ɗan baya ya taka shi, sai ya manta da ƙwallo ya bi mutum. Sai na riƙa sa manyan 'yan bayanmu su matse shi a atisaye, su ja rigarsa, su faɗa masa baƙar magana, ni kuma ina tsaye ina kallo. Da ya ɗaga hannu sai in hura, in kore shi ya zagaya fili. A hankali ya koyi haɗiyewa. A cikin layin toka na iya da shi. Wajen layi ba ni da usur.

Abokinsa a ƙungiya shi ne golanmu, Murtala. Gidansu ne wancan da katangarsa ke bayan ragar gabas. Mahaifinsu ya rasu, sai mahaifiyarsu Inna Kulu da yayansa Basiru, ɗan kabu-kabu, wanda yake kai mu wasa ba ya karɓar ko kuɗin mai. Ƙwallonmu ta fasa wa Inna Kulu randa ba sau ɗaya ba. Ta yi faɗa ta jefo mana ita, an jima kuma ta aiko da fura. Lauwali a gidan nan yake cin tuwo. In ta zuba wa 'ya'yanta sai ta ƙara malmala saboda shi.

Sai zinari ya zo, muguwar shekarata ke nan. Labari ya cika gari cewa a Bagega da Tungar Daji yaro na shiga rami da safe ya fito da kuɗin babur. Na zo atisaye na tarar da mutanen da ba su isa a raba su gida biyu ba. Ba a daɗe ba aka fara jin ƙananan yara na mutuwa a ƙauyukan nan, saboda ana daka dutsen zinarin a turmin gida, ƙurarsa na shiga abinci. Likitoci suka ce gubar dalma ce, aka zo aka kankare ƙasar gidaje. Kun ɗauka wannan zai tsorata samari? Ko kusa. Waɗanda suka dawo mini da kaka na ga aikin dalma a jikinsu. Ɗan tsakiyan da ke buga wasa biyu a jere, yanzu ya ɗan yi gudu sai ya riƙe ciki ya durƙusa. Wani kuma hannunsa ke rawa. Babu atisayen da ke gyara wannan.

Lauwali ya daɗe bai je ba. Na riƙe shi da cewa manyan kulob za su zo su gan shi. Ba su zo ba. Wani rani Basiru ya sayar da babur ɗinsa, suka haɗa kai su biyu suka kama rami ɗaya a wajen Bagega.

Abin da ya faru ban gani da idona ba, a kotu na ji. Sun fito da buhun dutse mai kyau, gardama ta tashi kan rabo, Basiru ya yi masa gorin tuwon gidansu. Guduma na hannun Lauwali. Bugu ɗaya ne, a gefen kai. Basiru ya cika bisa babur kafin a kai Anka. Lauwali bai gudu ba, a bakin ramin aka same shi zaune. Alƙali a Gusau ya ce kisa ne ba da niyya ba, ya yanke masa shekaru. Murtala ya daɗe bai zo fili ba, sannan wata la'asar na gan shi tsaye a raga ya sa safar hannu. Sai na buga masa ƙwallo.

Shekarun da suka biyo baya kun san su. Hanyoyi suka zama na 'yan bindiga. Aikin koci ya koma zuwa tasha da safe a tambayi direbobi ko hanyar Anka ta yi kyau yau, da rarrashin iyaye, da sallamar ƙungiyar baƙi tun rana na sama don su isa gida da haske. Gasar da ake yi da garuruwa da yawa ta koma ta mu da Anka da Bukkuyum. Murtala ya zama kyaftin.

Ranar da Lauwali ya dawo ina cikin gyaran raga, ina ƙulla inda ɓeraye suka ci. Na ɗaga kai na ga mutum a gindin itacen dogon yaro. Ya rame, ya yi gemu, amma tsayuwar na nan. Wani ya buga ƙwallo ta yi waje ta nufe shi, ya sa ƙafa ta kwanta. Kowa a fili ya gane shi. Ya jira har aka tashi, Murtala ya shige gida, sannan ya zo ya durƙusa a gabana.

"Koci, na gama abin da alƙali ya yanka min," ya ce. "Can ciki ma ban bar wasa ba, kullum muna yi. Ƙafata na nan. Ba ni da wata sana'a sai wagga."

Na ce, "Lauwali, ka san gidan wa ke bayan ragar can?"

"Awo, na sani."

"To ba ni za ka fara tambaya ba."

Kafin mu je gidan, gari ya riga ya rabu biyu. A teburin mai shayi wasu na cewa wanda ya yi zaman kaso ya biya, in aka hana shi abin da ya iya, to an sake ɗaure shi ba tare da alƙali ba. Wasu na cewa 'ya'yansu ne ke hawa katanga suna kallo, duk abin da mai lamba tara ya yi shi suke kwaikwayo, har tafiyarsa, kuma ba su son yaro ya tashi da sanin cewa in kana cin ƙwallo jini ma wankuwa yake. Liman ya ce ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin mutane sai mutane sun yafe. Kowa na da gaskiyarsa, kuma ranar wasa ba wanda za a nuna da yatsa sai ni.

Mun je da hantsi, ni da shi. Malam Sada, ƙanen mahaifin Basiru, mai makarantar allo, shi ya karɓe mu a zaure. Inna Kulu ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida, ba ta shigo ba. Lauwali ya kifa kai a tabarma yana kuka yana neman gafara. Malam Sada ya ce su dai sun bar wa Allah, afuwa ta fi. Sannan ya juya ya ce, "Ke hwa, uwar Murtala?"

Inna Kulu ta ce, "Na yahe mai tsayuwar gobe, ba ni son in riƙe kowa gaban Allah. Shi yi noma, shi ci kasuwa, shi yi aure, in mun gamu bisa hanya in amsa gaisuwa tai. Amma hilin ga bayan ɗakina yake. Duk wanda ya ci ƙwallo, cikin kunnena sunanshi ke faɗuwa. Kuna son ina zaune ina tankaɗe, gari duka shina kiran sunan wanda ya kashe min ɗa, ana kiɗa ana murna?"

Lauwali ya ce, "Inna, in ba ƙwallo ba, sai rami ko daji. Ba ni da na ukku."

"Kai ko biyu gare ka," ta ce. "Shi wanda ka aje can maƙabarta, guda nawa ka bar mai?"

Ta koma ciki. Basiru ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a ranar ba ta kira ba.

A hanyar komawa na ga inda sana'armu ta bambanta da sauran. Tela in ya fito kaso ya koma kan kekensa, ba wanda ke yi masa tafi. Ɗan ƙwallo kuwa tafin yana cikin aikin. Ba za ka mayar da shi fili ka hana a yabe shi ba. Na yanke cewa zan horar da shi da safe a filin sakandare, can ƙarshen gari, amma ba zai sa rigarmu a filin nan ba.

Horar da mutumin da ya yi shekaru a tsare aiki ne daban. Ya saba da ƙaramin tsakar gida, ƙafarsa ta ƙara iya murɗiya a ƙuntataccen wuri, amma numfashi babu, kuma idonsa ya daina hango nesa. Sai na riƙa sa shi gudu a yashin bakin gulbi, in tsaya can nesa in ɗaga riga mai launi, ya faɗi launin kafin ya buga. Ba ya gardama, ba ya makara. Na gwada shi da tsohon gwajin, na taka shi da gangan, ya dube ni kawai ya ci gaba. Na nemi wani koci da na sani a wata jiha ko zai karɓe shi, inda ba wanda ya san Basiru. Ya ce sai ya gan shi a wasan gasa, atisaye ba ya nuna mutum.

Ana cikin haka Alhaji Manu ya ji cewa masu neman 'yan wasa na wani babban kulob za su zo wasan ƙarshe tsakaninmu da Anka, a filinmu. Ya kira ni shagonsa.

"Koci, mi ya hana yaron ga wasa?"

Na gaya masa abin da Inna Kulu ta ce.

"Tsohuwa ce, za ta haƙura. In sun ɗauke shi ai ya bar mata garin. Wasa guda ne."

"Alhaji, golanmu ɗanta ne."

"Riga tawa ce ko taka?"

Da kansa ya je ya sa sunan Lauwali wajen masu shirya gasa, kuma babu dokar gasar da ta hana. Ina iya ajiye aikin in tafi gida, to sauran yaran da suka yi rani suna gudu fa? Na tsaya. Na samu Murtala na gaya masa komai, don kada ya fara gani a fili. Ya ce, "Na ji, Koci."

Ranar wasa na bar Lauwali a benci. Fili ya cika har kan katangu da rassan itace, don an daɗe ba a ga taro ba sai na jana'iza. Murtala ya ture fenareti tun a zubin farko, aka tafi hutu babu ci. Da aka dawo, mu ke kai hari ragar gabas. Alhaji ya taso daga kujerarsa, ya wuce ni kamar ba na wurin, ya dafa kafaɗar Lauwali ya ce tashi. Wasu suka yi ihu, wasu suka yi tsaki, wani ya jefo ledar ruwa.

Bai daɗe da shiga ba aka ɗago masa ƙwallo daga kusurwa. Ya tare da ƙirji, ya juya, ya buga da hagu. Raga ta motsa. Abin da na gani a lokacin shi ya sa na daina sauraron gardamar teburin shayi. Mutanen da suka rantse jiya cewa ba za su kalli mai kisa ba, su suka fara tsalle. "Kibiya! Kibiya!" Ga kalangu, ga hon ɗin babura, jama'a suka ɓarke cikin fili suka ɗaga shi sama, dab da katangar Inna Kulu.

Murtala yana can ragar yamma shi kaɗai. Ya cire safar hannunsa ya ajiye a kan layi, ɗaya bisa ɗaya. Ya tako tun daga can, ya ratsa tsakiyar fili, ya wuce masu murna, ya shiga gidansu ya rufe ƙofa. Alƙalin wasa ya dube ni. Na ba wani ɗan baya safar ya tsaya a raga. Mun ci kofin.

Ba a daɗe ba Inna Kulu ta ɗaure kayanta. Ta koma wajen 'yan'uwanta a wani ƙauye bayan Bukkuyum, ƙauyen da mutanensa ke gudowa cikin gari saboda hari. Malam Sada ya roƙe ta ta zauna, ta ce ta fi iya kwana da ƙarar bindiga. Murtala ya bi ta, don ba zai bar ta ita kaɗai ba. Golan da ban taɓa samun kamarsa ba, yanzu noma yake a gonar da sai an biya 'yan bindiga kafin a girbe. Bai sake taɓa ƙwallo ba.

Su kuma masu neman 'yan wasan sun tafi da Lauwali gwaji. Na ji ya yi kyau, har ya ci a wasannin share fage. Sai labarinsa ya bi shi ta waya. Wani ya haɗa hotonsa da na Basiru, aka yi ta turawa, gidan rediyo ya buɗe layi mutane na bugowa. A wani wasa magoya bayan abokan hamayya suka zo da guduma, suna ɗagawa duk lokacin da ya taɓa ƙwallo. Kulob ɗin ya kira shi ofis, aka ce masa ba laifin ƙafarsa ba ne, aka ba shi kuɗin mota. Tun farko sun san labarin. Abin da ba su so ba shi ne jama'a su sani.

Ya dawo Gummi ya tarar Alhaji ya daina amsa sallamarsa. Waɗanda suka ɗaga shi sama suka koma cewa shi ya kori tsohuwa daga gidanta. Na kai shi wajen wani kafinta ko zai koya masa aiki, kafintan ya ce ba ya iya juya baya ga mutumin nan da guduma a hannu. Na samo masa babur na haya, fasinja su ga fuskarsa su ce suna jiran wani. Wata safiya ya zo ya mayar mini da but ɗin da na ara masa, a wanke. Ya ce akwai aiki a ramukan da ke cikin daji bayan Bagega. Na ce masa kowa ya san 'yan bindiga ke riƙe da ramukan nan yanzu.

"Su ba su tambayar mi ka yi, Koci," ya ce.

Na raka shi tasha.

Daga nan abubuwa suka ci gaba da zarewa. Alhaji Manu ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau bayan an sace ƙanensa a hanya. Riguna suka tsufa, lambobin bayansu suka goge. Rabin filin ga shi nan kuna gani, bukkokin 'yan gudun hijira ne, shi ya sa muke wasa a gicciye.

Bara wani direba da na sani ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga, bayan danginsa sun sayar da gona. Na je yi masa jaje. Da mutane suka ragu ya jawo ni kusa ya ce, "Koci, na ga yaronka." Ya ce a inda aka tsare su, da la'asar samarin kan jingine bindigogi a jikin itace su buga ƙwallo, su kuma suna ɗaure suna kallo. Akwai wani dogo a cikinsu da ba mai iya ƙwace ƙwallo a ƙafarsa. In ya ci sai su harba bindiga sama suna kiran Kibiya. Na tambaye shi, dogon nan shi ma kama shi aka yi, ko nasu ne? Ya ce bai sani ba. Bai gan shi da bindiga ba, bai kuma gan shi da sarƙa ba.

Ɗayanku ya tambaye ni jiya ko daidai ne wanda ya yi babban laifi ya dawo wasa. An gwada duka biyun a kan mutum ɗaya. An bar shi ya buga, tsohuwa ta bar gidanta, na rasa gola. An hana shi, kun ji inda ya ƙare. Ban tara ku don in ba ku amsa ba, ba ni da ita. Na tara ku don wata mai zuwa akwai wani da zai fito daga kaso. Ɗan baya ne, ya taɓa buga mana, fashi ya kai shi, kuma mutumin da ya sara yana nan da hannu ɗaya yana sayar da goro a bakin tasha. Ya aiko mini cewa zai zo. Na ce a gaya masa na tsufa, ya nemi masu ƙungiya. Ku zai tarar a nan.